In mai hoto zai zo gida

Ki fara karɓo ɗinkinki tun saura kwana 3, kin dai san halin telolin Kano, ni nawa ranar hoton ya kawo, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo wallahi. Lalle ma a yi shi da wuri, ya kama sosai. Maigida ya yi aski, a goge shadda da hula tun dare, kar a dogara da NEPA.

Falon kuma, kwashe buta da takalman yara da wayoyin caja, hoto ba ya rufa asiri, ki goge ƙurar kan kujeru musamman lokacin hunturu, sannan ki ɗage labule ki zauna kina fuskantar taga, kar ki ba ta baya, fuska sai ta yi duhu. Bayan la'asar hasken ya fi taushi. Hoda kaɗan dai, Hajiya!