Yadda Ake Ziyartar Gidan Zuhudu na Kebran Gabriel a Tafkin Tana

Tafkin Tana yana arewacin Habasha, daga nan kogin Abay, babban reshen kogin Nilu, yake fita. A tsibiransa akwai gidajen zuhudu na Kiristocin Otodoks, kuma a nan aka ɓoye littattafai masu yawa lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 16. Kebran Gabriel, wanda aka kafa a ƙarni na 14, yana cikin waɗanda suka fi shahara da littattafai.

Da farko ka bincika halin tsaro, domin yankin Amhara, inda tafkin yake, yana fama da rikici tun 2023. In hanya ta yi kyau, ka hau jirgin sama daga Addis Ababa zuwa Bahir Dar, birnin da ke bakin tafkin, ka kwana a can.

Da yamma ka je bakin ruwa ka daidaita da mai jirgin ruwa, ku tsayar da farashi da wuraren da za a tsaya. Ka tabbatar da lokaci sosai, don agogon Habasha daban yake: ƙarfe 1 a wurinsu ƙarfe 7 ne na safe. Ku yi sammako, iska takan tashi bayan azahar. Ka riƙe kuɗin birr a hannu.

Mata ba sa shiga Kebran Gabriel. In kuna tare da iyali, tsibirin Entos yana kusa, haka ma cocin Ura Kidane Mehret da ke Zege, a gaɓar tafkin, duka suna karɓar mata.

In ka isa, ka sa tufafin mutunci, ka cire takalmi a ƙofar coci, ka rage murya. Mutanen nan ibada suke yi, gidansu ne ka zo.

Sai batun littattafan, kuma nan ne nake roƙon kada ka yi gaggawa. An rubuta su da hannu cikin harshen Ge'ez, tsohon harshen cocin Habasha, a kan fatar akuya ko tunkiya, da baƙar tawada, sunaye masu tsarki kuma da ja. Bangonsu na katako ne, wasu a cikin jakar fata mai rataya, wadda duk wanda ya san gafakar malamanmu zai gane ta nan take. Ka bar mai kula da ɗakin littattafan ya buɗe da kansa. Kada ka taɓa shafi, gumin hannu yana lalata fata da zane. Hoto sai da izini, kuma ban da walƙiyar kyamara. Ka roƙi mai kula da ɗakin ya karanta maka layi ɗaya ka ji yadda Ge'ez take a baki.

In wani ya kawo maka tsohon shafi a hanya ya ce ka saya, ka ƙi. Dokar ƙasar ta hana fitar da su, kuma daga wani littafi aka yage shi.