Yadda za ka shiga cikin masu fasahar zamani na yankinku

Ana yawan tambayata ta ina ake farawa. Ga matakan:

1. Buɗe shafin Google Developer Groups (ƙungiyoyin masu haɗa manhaja da Google ke tallafa wa), ka nemi reshen da ya fi kusa da kai.
2. Yi rajistar taronsu da wuri, kujeru kan ƙare.
3. Shirya jimla biyu kan abin da kake koyo.
4. Isa wurin kafin a fara. A ganina hirar bakin ƙofa ta fi jawabin amfani.
5. Gaisa da mutum ɗaya, ka tambaye shi aikin da yake yi.

Hattara: kada ka buɗe baki da neman aiki ko jari. Nan take mutane ke ja da baya.

6. Nemi shafin mutumin da ka gaisa da shi a LinkedIn (dandalin sada zumunta na ma'aikata).
7. Washegari tura masa saƙo kan abin da kuka tattauna.
8. A taro na gaba, karɓi wani aiki, ko da jera kujeru ne.