Yadda Ake Yawon Ƙafa a Bakin Tafkin Tabalak da Dazukan Keita da Motar Haya

Mutanen Tahoua da yawa sun sha ratsa Tabalak a hanyarsu ta zuwa Abalak ko Agadas, sun hango ruwan ta tagar mota, wataƙila ma sun sauka sun sayi soyayyen kifi, amma kaɗan ne suka taɓa keɓe yini guda domin su taka bakin tafkin da ƙafafunsu. A ganina wannan asara ce, domin wurin bai wuce kimanin kilomita 50 daga birnin Tahoua na Jamhuriyar Nijar ba, yana kan babbar hanyar Agadas, kuma motocin haya suna bin ta kullum. Abin da tafiyar ta fi bukata shi ne lissafin lokaci, musamman lokacin komowa, wanda a kansa ne za a gina duk sauran shirin.

Watannin da suka fi dacewa su ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tafkin yana cika ne da ruwan koramu a damina, saboda haka a Agusta da Satumba bakinsa laka ce da sauro, a Afrilu da Mayu kuwa ruwan ya ja baya, zafi kuma yana haura digiri 40. A lokacin sanyi ƙasa ta bushe, ruwan yana nan da yawa, tsuntsayen da ke gujewa sanyin Turai sun sauka sun haɗu da balbela da zalɓe da kirinjijiya na gida. Muhimmancin wurin ga tsuntsaye da kifi da dabbobi ne ya sa aka shigar da Tabalak cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa a shekarar 2005.

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ka bincika halin da hanya take ciki wajen direbobin tasha da jandarmomi, domin sha'anin tsaro a arewacin jihar Tahoua yana canzawa, kuma labarin watan jiya ba ya isa hujja yau. Idan an ce ka dakata, ka dakata. Ka riƙe katin shaidarka saboda shingayen bincike, ka kuma sanar da wani a gida inda za ka da lokacin da ake sa ran ganinka.

Ranar tafiya ka isa tasha da an idar da sallar asuba, domin ƙananan motoci ba su tashi sai sun cika, kuma wanda ya rasa ta farko yana iya zama har hantsi yana jiran ta biyu. Ka tambayi ɗan kamasho motar Tabalak ko ta Abalak, ka faɗa wa yaron mota tun kafin a tashi inda za ka sauka. Da ka sauka, kada ɗokin ruwa ya ja ka. Ka fara tsayawa wurin masu lodi ka tambayi lokacin da motocin Tahoua suke yankewa, ka karɓi lambar wayar direba ɗaya ko biyu. Motocin da ke fitowa daga arewa sau da yawa cike suke isowa, shi ya sa dogaro da su da yamma ganganci ne. Ranar kasuwa motoci sun fi yawa, sai dai cunkoson ma ya fi yawa.

A Tabalak babu hanyoyin da aka shata wa masu yawo ko allunan da ke nuna hanya. Turbobin da za ka bi na masunta ne da masu lambu da makiyaya, wato kana cikin wurin sana'ar mutane, kuma ladabin baƙo ya hau kanka. Ka yi sallama wajen mai gari ko dattawan masunta, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan rakiya wanda ya san inda ƙasa ke lumewa da inda gonaki suka tare hanya, ku daidaita ladansa tun kafin ku ɗaga ƙafa. Kada ka yi niyyar zagaye tafkin gaba ɗaya, domin yana da tsawo kuma bakinsa yana sauya wuri daga wata zuwa wata. Ka zaɓi gefe guda, ka raba lokacinka gida biyu, ka bar wa komowa kaso mafi girma, tunda gajiya da rana za su rage maka sauri. Mai lafiya yana cin kusan kilomita 4 a awa a ƙasa mai tauri, a cikin rairayi kuwa ba ya kai haka.

A nan ne daɗin tafiyar yake, kuma bai kamata a yi ta da gaggawa ba. Za ka ratsa ƙarƙashin bagaruwa wadda ke jure tsayuwa cikin ruwa, ka wuce lambunan noman rani na albasa da tumatir, ka ga masunta suna jawo karfasa da tarwaɗa cikin kwale-kwale, sannan da hantsi garken shanu da raƙuma su gangaro mashaya. Idan garke ya taho, ka kauce daga burtali ka ba shi hanya, kada ka tsallake raga ko ka taka fangalin lambu, kada kuma ka ɗauki hoton mutum, balle mace, ba da izini ba.

Ka sa takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa saboda ƙaya da ƙarangiya da kububuwa, ka ɗaura rawani ko malafa, ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita 3 da ɗan guzuri kamar dabino da ƙuli-ƙuli. Duk yadda ruwan tafkin ya ba ka sha'awa, kada ka shiga wanka ko ka sha, domin ruwan da ba ya gudu yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya wadda ke ratsa fata.

Wanda ya fi son itatuwa da tuddai sai ya nufi Keita, kimanin kilomita 70 daga Tahoua ta hanyar Tamaske. Dazukan can aikin hannu ne: tun daga 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen yankin, akasarinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa a kan fako, suka dasa miliyoyin itatuwa. Tafiya a can ta fi ta Tabalak wuya saboda duwatsu da hawa, kuma daga garin sai ka hau kabu-kabu zuwa gindin tudun da za ka hau. Ka fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji su nuna maka inda aka yarda a shiga, kada ka kunna wuta ko ka karya reshe, domin itacen da ka gani a kan fako shekaru ya yi kafin ya kai haka. Idan kana da masauki a Keita, kwana ɗaya ya fi maka sauƙi a kan zuwa da komowa a yini guda.

A duka wuraren biyu, ka juya tun kafin azahar ko da ƙafarka ba ta gaji ba, ka yi salla a gari, ka kasance a bakin hanya kafin la'asar, domin ka shiga Tahoua da sauran hasken rana.