Yadda ake zaɓar abin goge fuska da amfani da shi ba tare da an ɓata fata ba

Fatar mutum tana sabunta kanta kusan duk mako huɗu: matattun ƙwayoyin da ke sama su zube, sababbi su maye gurbinsu. Idan zubewar ta yi jinkiri sai fuska ta dushe, ta yi kaushi, ƙofofin gashi su toshe, ƙuraje su biyo baya. Abin goge fuska taimakon wannan zubewar yake yi kawai. Sai dai mu masu baƙar fata, duk inda fatarmu ta ji rauni baƙin tabo take bari, kuma yakan yi watanni bai gushe ba. Saboda haka a hankali ake bin ta.

Da farko ki san fatarki. Ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, kada ki shafa komai, ki jira awa ɗaya. In goshi da hanci sun yi ƙyalli, mai maiƙo ce. In ta ɗaure ta yi fari-fari, busasshiya ce. In kuwa abu kaɗan ke sa ta raɗaɗi ko ƙaiƙayi, mai gautsi ce.

Sai zaɓi. Akwai wanda ake murzawa, irin su dilka, sukari da zuma, ko garin shinkafa. Akwai kuma na sinadari, wanda ke sassauta matattun ƙwayoyin su zube da kansu ba tare da murza ba. Mai maiƙo da ƙuraje ta nemi salisilik asid, a jikin kwalba za ki ga an rubuta BHA, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Yana narkewa cikin maiƙo, shi ya sa yake ratsa ƙofofin gashi. Mai busasshiyar fata ta nemi laktik asid, wanda shi ne ke sa kindirmo tsami, yana cikin dangin asid ɗin da ake rubuta wa AHA a jikin kwalba, kuma yana da sauƙi. Gilaikolik asid, da ake samu a jikin rake, ya fi shi saurin shiga fata, don haka mai gautsi ta bar shi tukuna.

Dilka tana da kyau ga jiki, amma fatar fuska ba ta kai ta ƙafa da hannu kauri ba. Wata 'yar'uwata, saura mako biyu bikinta, mai gyaran jiki ta ɗora ta a kan sukari da lemun tsami kullum. Kwana biyar fuskar ta yi sheƙi, kowa na yabo. Ranar kamu kumatunta biyu sun yi duhu kamar an ɗora mata dutsen guga, hoda ta kasa rufewa. Har yau abin yana damuna. Lemun tsami ba na fuska ba ne, musamman in za a shiga rana.

Kafin ki fara, ki shafa kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana ɗaya ko biyu. In babu ja, kumburi ko ƙaiƙayi, bismillah.

Da dare ake yi. Ki wanke fuska da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. In na murzawa ne, da kan yatsu za ki zagaya a hankali kamar daƙiƙa 30, ki kauce wa kewayen ido, ki ɗauraye, ki dinga ɗora tawul kina ɗagawa maimakon gogewa. In na sinadari ne, ki shafa ɗan kaɗan a busasshiyar fuska, ki bi yadda aka rubuta a kwalbar. Sau ɗaya a mako ya isa a farko. In fatar ta karɓa, ki ƙara zuwa biyu. Lokacin hunturu ki rage, iskar ma kaɗai ta ishi fata.

Bayan nan dole ki shafa mai: man kaɗanya ga busasshiyar fata, marar nauyi ga mai maiƙo. Da safe kuma man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa), domin AHA na sa fata saurin ƙonewa a rana.

Kada ki haɗa abin goge fuska da retinol (sinadarin gyaran fata na dangin bitamin A) a dare ɗaya, kada ki murza kan ƙurjin da ya fashe. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin, fatarta ta riga ta yi siriri, ta fara ganin likitan fata. Haka mai juna biyu ta tambayi likitanta. In kika ji ruwa ma yana miki raɗaɗi, ko fuskar ta yi ƙyalli kamar leda tana ɓawo, kin wuce gona da iri. Ki dakata mako biyu, ki tsaya ga sabulu marar ƙarfi, mai, da man kariya daga rana.