Yadda za ka je tafkin Tilicho a ƙasar Nepal

Da farko ka karɓi takardar izinin shiga yankin duwatsun Annapurna a Kathmandu ko Pokhara, sai ka hau mota zuwa Besisahar, daga nan jif har ƙauyen Manang.

In ka iso Manang dan Allah kar kai gaggawa, ka kwana biyu jikinka ya saba da ƙarancin iska, kai ta shan ruwa, wannan matakin ne mutane ke rainawa kuma shi ke kwantar da su.

Sannan ka taka ta ƙauyen Khangsar zuwa sansanin ƙasan dutsen Tilicho, akwai inda tsakuwa ke zamewa, bi a hankali. Kwana can.

Da asuba ka fita da rigar sanyi mai kauri, tafkin yana can sama, tsayin mita 4,919 daga matakin teku. In kanka ya fara sarawa da jiri, sauko kawai.