Kurakuran da ke kashe gasar intanet kafin ta cika mako biyu

Ka sanar da gasar rubutu ta kwana 30 da safe, kafin la'asar jama'a sun cika guruf ɗin WhatsApp, kowa na cewa "ina ciki". Rana ta tara ka leƙa, sai ka tarar saura mutum shida, biyu daga cikinsu ma sitika kawai suke turowa. Sau uku ina shirya irin wannan a nan Jos, biyu a hannuna suka mutu, kuma a duka biyun laifina ne.

Abu na farko tsawo. Muna son kwana 30 saboda mun saba da lissafin azumi, mun manta cewa azumi gari ne gaba ɗaya ke yin sa tare da kai. Gasarka babu mai tashin mutum sahur dominta. Fara da kwana bakwai, in ta yi armashi ka ƙara. Ka kuma duba lokaci: ban da makon Sallah, ban da goman ƙarshe, ban da lokacin da ɗaliban Jami'ar Jos ke jarrabawa in su ne yawancin mutanenka. Wanda ya ce a turo aiki ƙarfe shida na safe a watan Disamba kuwa bai san sanyin Jos ba, don babu mai fito da hannu daga bargo.

Sai ƙa'idoji. Dubi gasar Hikayata da BBC Hausa ke yi tun 2016: kafin a karɓi labari ko ɗaya an riga an faɗi wa zai shiga, yawan kalmomi, da ranar rufewa. Mu kuma sai mu ce "a turo kafin sha biyu". Na rana ko na dare? Agogon wa? 'Yar'uwar da ke Makka tana gabanmu da awa biyu, na Accra yana bayanmu da awa ɗaya. Rubuta "ƙarfe 10 na dare agogon Najeriya", ka maƙala saƙon a saman guruf. WhatsApp na barin sa har kwana 30. Kuma da zarar an fara, kada ka taɓa doka ko ɗaya, ko da ka gane ka yi kuskure. Ajiye gyaran sai zagaye na gaba.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne zaɓen gwani da yawan layik. A gasata ta biyu wata yarinya daga Unguwar Rogo ta rubuta labarin da na karanta sau uku a tsaye. Wanda ya fi yawan layik kuwa wani saurayi ne da ya bi majalisa majalisa daga Gangare zuwa Dilimi yana karɓar wayoyin abokai yana danna wa kansa. Da dare ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce, "Malam, da ka faɗa mana gasar dangi ce, ai da na gayyato nawa." Ban sami abin cewa ba. Ba ta sake shiga ba, kuma ta tafi da ƙawayenta huɗu.

Gyaran ba shi da wuya. Nemo alƙalai uku waɗanda ba su cikin gasar, ka cire sunaye daga rubutun ka sa lamba, ka faɗi tun farko abin da ake ba maki a kai. In kana son jama'a su sa baki, ware musu ƙaramar kyauta daban ta "zaɓin masu karatu". Waɗanda suka kai matakin ƙarshe kuma a kira su a waya a yi musu tambaya biyu uku kan abin da suka rubuta. Wanda ya kwafo, ko ChatGPT ya yi masa, a nan yake fara in'ina.

Batun kyauta gajere ne: kada ka sanar da kuɗin da ba ya hannunka. Alkawarin wani Alhaji da ya ce "kar ka damu, zan ɗauki nauyi" ba kuɗi ba ne sai ka ga alat. Gara katin dubu biyu da aka tura ranar da aka ce, da dubu hamsin da ake ta bi da "a ƙara haƙuri".

Ka kuma tuna da aljihun masu shiga. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, cewa kowa ya ɗora bidiyo kullum korar mutane ce. Rubutu ko gajeren saƙon murya ya isa. Ka ba kowa uzurin kwana ɗaya ko biyu saboda rashin wuta, ba sai ya yi rantsuwa ba.

Na ƙarshe shi ne ɓacewar mai shirya gasa. Mutum ya matse ya yi rubutu, ya turo, shiru, ko "madalla" babu. Gobe ba zai turo ba. Guruf na ɗaukar mutum 1,024, amma kai nawa za ka iya karantawa kullum? A gasata ta uku na rufe ƙofa a kan mutum arba'in, na buɗe wani guruf daban don hira da gaisuwar Juma'a, na kuma ware minti talatin bayan isha'i ina amsa wa kowa da sunansa, ko da layi ɗaya ne. Ita ce kaɗai muka kai ranar ƙarshe.