Kurakuran da baƙi ke yi idan sun zo zagaya cikin garin Bauchi

Yawancin masu zuwa Bauchi yawon buɗe ido gandun dajin Yankari ne a ransu. Su kwana a otel a GRA, gari na wayewa su kama hanyar Alkaleri, su koma gida suna cewa sun ga Bauchi. Ba su gan ta ba. Tsohon garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809 yana nan cikin ganuwa, kuma ya cancanci a ware masa yini guda cur kafin a tafi kallon giwaye.

Wanda ya yarda ya shiga cikin gari kuma, sau da yawa a mota yake shiga, gilashi a rufe, da tsakar rana. Lungunan cikin gari ba na mota ba ne. A ajiye ta a wajen Wunti, a hau Keke Napep, sauran a ƙarasa da ƙafa. A fito da hantsi ko bayan la'asar, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke kai wa maƙura. Fitowar safe tana da wata riba: lokacin ne ake samun masar Bauchi da zafinta daga tanda, a zuba mata miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli. Wanda ya ci masar da ta huce a leda kada ya yanke wa garin hukunci.

Sai masu neman ganuwa. Baƙo zai zo yana tsammanin katanga ce a tsaye da ta kewaye gari, da bai gani ba sai ya ce babu komai. Ruwan sama da gine-gine sun cinye mafi yawanta, gaskiya ne. Amma ƙofofin suna raye a bakin mutane: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil, Ƙofar Wase. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka gane girman garin na da. In ka tarar da dattawa a majalisa, yi sallama, ka rage tsawo, ka ce: “Baba, barka da hutawa, ta ina ganuwar ta bi a nan?” Sau da yawa za a nuna maka wani tudun jar ƙasa a bayan gidaje wanda da kai kaɗai ne da ka wuce shi.

Inda aka fi yin asara shi ne kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Mutane kan shiga da gaggawa, su ɗauki hoto, su fita. Alhali ginin, da aka buɗe a 1979, an tsara shi ne don a bi shi a hankali. Za ka fara da wata hanya mai duhu, wadda ke nuni da zamanin mulkin mallaka, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan yayin da kake hawa, har ka fito fili inda babu rufi, sama a buɗe, kabarin kuma ga shi nan ba wani ado. Wanda ya kunna fitilar waya a cikin duhun nan ya ɓata abin da aka gina domin shi. Ka bar ma'aikacin wurin ya yi maka jagora, ka leƙa ɗakin da aka ajiye kayan marigayin, kuma ka tuna kabari ne: a sassauta murya, a yi addu'a.

Fadar Sarki ma ba gidan kallo ba ce, gidan mutum ne kuma wurin aiki. Kada ka kutsa kai kana ɗaga waya. Gaida dogarai, faɗi abin da ya kawo ka, su za su gaya maka iyakar inda za ka taka. Ranar Juma'a filin fada da babban masallaci kan cika maƙil, don haka ka zaɓi wata rana, sai dai in cikar ce ka zo gani. Mai son dawaki ya daidaita zuwansa da bikin Sallah.

Game da wuraren shaƙatawa na daji, kuskuren lokaci ne. Yankari ta fi kilomita 100 daga gari, kuma da damina ciyawa kan rufe dabbobi, ruwa ya wadata ko'ina, ba sa taruwa. Da rani ne suke sauka bakin kogin Gaji. A Wikki, cikin Yankari, inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa, kada ka riƙe leda a hannu ko ka bar ƙofar ɗaki a buɗe, gwaggon biri ba ya jin kunyar baƙo. Mai neman raƙumin dawa da jakin dawa kuwa, Sumu zai nufa, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo su daga Namibiya. In ka bi ta can, tsaya a Kafin Madaki ka ga gidan Madaki, ginin ƙasa na Babban Gwani, shahararren magini na da.